Abokina yana da takardu talatin, ni huɗu: in shiga ƙungiyar "sa ni in sa ka"?

Assalamu alaikum Malam. Ni malami ne a sashen tattalin arziki na wata jami'a a Arewa. Fannina ikonometiriks, wato auna al'amuran tattalin arziki da lissafi da ƙididdiga. Shekara huɗu ke nan da na gama digiri na uku, amma takarduna da suka fito a mujallu huɗu ne kacal, kuma in ka duba Google Scholar, shafin da ke ƙirga ambaton takardun bincike, waɗanda suka ambace su ba su cika goma ba. Akwai wata ta biyar da na shekara uku ina gyara. Wanda aka ɗauke mu aiki rana ɗaya yana da sama da talatin, an yi masa ƙarin girma an bar ni. Na san yadda ake yi: a kwaso alƙaluman Babban Banki, a zuba a manhajar ƙididdiga ta EViews, a danna ARDL (wata hanyar gwada alaƙar jerin alƙaluma), sati biyu takarda ta fito. Yanzu farfesan da ya duba aikina na digiri na biyu, wanda kuma ya tsaya mini na samu aikin nan, ya ce in shiga ƙungiyarsu ta mutum shida. Kowa ya rubuta takarda zai sa sunan sauran, kuma a riƙa ambaton juna. Ni burina in yi aiki mai daɗewa irin na Clive Granger, masanin fanninmu da ya ci kyautar Nobel. Amma ga haya, ga kuɗin makarantar yara, maiɗakina ma ta fara tambaya. Ina mafita?

Wani malami

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Kada ka shiga. Wannan shi ne rabin amsar da na san kana so ka ji, don ga dukkan alamu ka yanke shi a zuciyarka tun kafin ka rubuto. Ɗaya rabin ba zai yi maka daɗi ba: takarda huɗu a shekara huɗu ta yi kaɗan, kuma sunan Granger da ka kawo ba zai cece ka ba. In ma aka kira shi shaida a wannan shari'ar, kai zai kayar.

Mu duba mutumin. An haife shi a 1934 a Swansea ta ƙasar Wales, ya yi karatun lissafi a Jami'ar Nottingham, kuma a 1956 jami'ar ta ɗauke shi ƙaramin malamin ƙididdiga yana da shekara 21. Digirinsa na uku sai a 1959. Daga nan ya tafi Princeton shekara guda bisa gayyatar Oskar Morgenstern, inda shi da Michio Hatanaka suka yi aikin da ya zama littafi a 1964. A 1974 ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego. A 2003 aka ba shi kyautar Nobel tare da Robert Engle, ya rasu a 2009. Tsakanin waɗannan shekarun ya bar takardu sama da ɗari biyu. Mutum ne mai yawan rubutu, kuma yawancin manyan ayyukansa da wani ya yi su: Bates, Newbold, Joyeux, Engle. Bambancinsu da ƙungiyar da ake gayyatarka shi ne duk wanda sunansa ya hau takardar ya zubar da gumi a kanta.

Takardar da nake so ka sake karantawa ita ce wadda ya yi da Paul Newbold a 1974. A lokacin masana tattalin arziki suna ɗaukar jerin alƙaluma biyu da ke tafiya da shekaru, misali kuɗin da ke yawo a hannun jama'a da farashin kaya, su auna alaƙarsu, su samu sakamako mai ƙyalli, su buga. Su Granger ba su tsaya jayayya da kowa ba. Kwamfuta suka sa ta ƙirƙiro jerin lambobi biyu da ke gantali, kowanne da nasa ƙaddarar, babu abin da ya haɗa su ko kusa. Sai suka auna alaƙarsu kamar yadda kowa ke yi, suka maimaita sau ɗari. A ƙa'ida, gwajin zai yi kuskuren cewa akwai alaƙa kamar sau biyar cikin ɗari. Sai ga shi ya ce akwai alaƙa kusan sau uku cikin kowane huɗu. Ma'ana, tarin abin da ake bugawa a manyan mujallu yana iya zama taron tsintsiya ba shara.

Abubuwa biyu nake so ka lura da su a nan. Na farko, ba su ne suka fara hango matsalar ba. Tun 1926 Udny Yule ya nuna cewa a Ingila, daga 1866 zuwa 1911, yawan auren da ake ɗaurawa a cocin Angilika da yawan mace-mace suna tafiya tare da alaƙar da ta kai 0.95, alhali ba wanda zai ce ɗaurin aure a coci ne ke kashe mutane. An karanta Yule, an yi murmushi, an ci gaba da abin da ake yi har kusan shekara hamsin. Na biyu, wanda ya fi shafarka: Granger da Newbold ba su kawo cikakkiyar hujjar lissafi a kan dalilin faruwar hakan ba. Wannan sai a 1986 Peter Phillips ya kawo ta, bayan shekara 12. Da a ce Granger irinka ne, da takardar tana cikin durowa yana jiran ta nuna, wani ya riga shi. Gajeriyar takarda ce, ta nuna ciwon da ke jikin aikin kowa ta hanyar da kowa zai gane, sai ya sake ta.

Haka ma babban aikin da ya ja masa Nobel. Shi da kansa ya ba da labarin cewa David Hendry ne ya ce masa jerin alƙaluma biyu masu gantali suna iya kasancewa tazarar da ke tsakaninsu ba ta gantali. Granger ya ce ba zai yiwu ba, ya zauna don ya tabbatar wa Hendry kuskurensa, sai lissafin ya tabbatar da maganar Hendry. Ka ɗauki raguna biyu ka sake su a fili, kowanne zai bi inda hancinsa ya ja shi. Ka ɗaure su da igiya ɗaya, har yanzu ba ka san inda za su kwana ba, amma ka san ɗaya ba zai yi wa ɗaya nisan da ya wuce tsawon igiyar ba, kuma da ta miƙe za ta fizgo su. Wannan igiyar ita ce abin da ya fara rubutawa a 1981, shi da Engle suka kammala a mujallar Econometrica a 1987, suka nuna yadda za a gwada ko akwai ta da yadda za a auna ƙarfin fizgarta. Shekara shida tsakani, gaskiya ne. Amma a cikin shekara shidan bai rufe ƙofa ya daina buga komai ba.

Game da ambato goma da ke hana ka barci: takardar Granger ta 1969 a kan gwajin ko wani abu ne ke haddasa wani, wadda yau duk ɗalibin aji huɗu ke kiran sunanta a kundinsa na kammala digiri, ba ta tayar da ƙura nan take ba. Sai da Christopher Sims ya ɗauki ra'ayin a 1972 ya gwada shi a kan kuɗi da kuɗin shiga na Amurka, aka yi ta cacar baki, sannan aka waiwayo ta. Kuma yawan ambaton da ta samu daga baya, wani kaso mai tsoka na waɗanda ba su fahimce ta ba ne. Abin da gwajin ke tambaya kawai shi ne ko sanin tarihin wannan yana taimakawa wajen hasashen wancan. Farashin rago yana tashi kafin Babbar Sallah kowace shekara. In ka bi gwajin ido rufe sai ka rubuta cewa tsadar rago ce ke haddasa Sallah. Na sha ganin irin wannan a takardu, an buga, an kuma ambata. Lambar nan ta h da ake auna malamai da ita, bisa yawan takardunsu da yawan ambatonsu, ma ba daɗaɗɗiya ba ce: wani masanin kimiyyar fiziks, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro ta a 2005, kuma abin dariya a jami'ar San Diegon da Granger ya yi aiki. Granger ya gama gina sunansa kafin a haife ta.

Ba zan yi maka rashin adalci ba. Granger bai koyar da aji mai ɗalibi ɗari huɗu ba, bai kwana yana makin takardun jarrabawa da fitilar waya ba, bai ga wata takwas na yajin aiki kamar na 2022 ba, kuma ba a ce ya biya kuɗin buga takarda daga albashinsa ba. Wanda ya ce maka "yi kamar Granger" bai ba ka komai ba. Abin da za ka iya ɗauka daga gare shi ɗabi'a ɗaya ce: ya dubi abin da kowa ke yi kullum ya tambaya ko yana aiki kuwa.

To, wannan tambayar tana kan teburinka, ka ma rubuto ta cikin wasiƙarka ba ka sani ba. Ka ce a kwaso alƙaluman Babban Banki a danna ARDL. Hanyar ba ta da laifi. Hashem Pesaran, haifaffen Shiraz ta Iran, shi da Shin da Smith suka fitar da ita a 2001, kuma aiki ne mai kyau. Sai dai iyakokin da suka buga don yanke hukunci sun samo su ne da jeri mai tsawon 1,000. Mu kuwa yawancin alƙalumanmu na shekara-shekara daga 1981 suke farawa, ɗigo arba'in da 'yan kai. Narayan ya fitar da iyakokin gajeren jeri a 2005, na 30 zuwa 80, ya rage matsalar. Amma gajarta ba ita ce kaɗai cutarmu ba. Cikin waɗannan shekaru arba'in akwai tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 da ya karya darajar naira. Akwai Afrilun 2014, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar ma'auni daga 1990 zuwa 2010, aka wayi gari tattalin arzikin Najeriya ya kusan ninkawa a takarda, ya kai kimanin dala biliyan 510, ya wuce na Afirka ta Kudu ba tare da an ƙara buhun masara ko ɗaya ba. Akwai cire tallafin mai da sakin naira a 2023. Akwai sake ma'aunin farashi da ya sa hauhawa ta faɗo daga kashi 34.80 a Disambar 2024 zuwa 24.48 a Janairun 2025, alhali mudun shinkafa bai ji labari ba. Jeri mai ɗigo arba'in, da karaya huɗu ko biyar a jikinsa, a ɗora masa abubuwan aunawa shida kowanne da jinkirinsa, wato alƙalumansa na shekarun baya: sau nawa cikin ɗari gwajin zai ce akwai igiya alhali babu?

Kai ne mai fannin. Ka zauna da manhajar ƙididdiga ta R, kyauta ce, ba ruwanka da lasisi. Ka ƙirƙiro jeri masu gajarta da karaya irin na Najeriya, ka maimaita sau dubu goma, abin da kwamfutar cinyarka za ta gama kafin ka dawo daga sallar la'asar. Ka rubuta abin da ka gani a shafi goma sha biyu, da jadawalin da ɗalibin digiri na biyu zai iya amfani da shi. Wannan aikin wata uku ne, ba shekara uku ba. Kuma in ya fito, waɗanda za su buƙaci ambatonsa su ne masu danna ARDL ɗin nan, daga Sakkwato har Kalaba, har ƙasashen da alƙalumansu ke da irin wannan ciwon.

Sannan ka ɗaga kai daga alƙaluman shekara-shekara. Hukumar Ƙididdiga tana fitar da farashin kayan abinci wata-wata. Akwai binciken gidaje da take yi da Bankin Duniya tun 2010, wanda ke bin gidaje kusan dubu biyar ana komawa gare su, kuma ana sauke shi kyauta. Jenny Aker ta yi suna da takardarta ta 2010 a kan kasuwannin hatsi na Nijar, inda ta nuna cewa shigowar wayar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16. Daga Amurka ta taso ta yi wannan. Kai kana da Dawanau a kusa, kana jin yaren dillalai, ka san wanda zai gaya maka ranar da motocin gero suka daina tsallakawa ta Jibiya zuwa Maraɗi. Farashin gero a Kano da na Maraɗi raguna biyu ne, igiyarsu motocin fatake. An rufe iyaka a Agustan 2019, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Me ya sami igiyar a waɗannan lokutan? Tsinkewa ta yi ko tsawo ta ƙara ta barauniyar hanya? Wannan tambayar Granger ce tsantsa, kuma ba wanda ya fi ka kusa da amsarta.

Yanzu ƙungiyar. Ban hana ka don tsoron Allah kaɗai ba, kodayake ya isa, tunda sa hannu a kan aikin da ba ka gani ba shaidar zur ce ko da an yi ta da Turanci. Akwai lissafin duniya ma. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da aka gano an kwafo ɗaya daga cikin takardun, ko an ƙera alƙalumanta, mujalla za ta janye ta da sunayen mutum shida, naka a ciki, kuma intanet ba ta mantuwa. Su biyar ɗin za su iya cewa ba su san lissafi ba. Kai fa, da ikonometiriks ne abincinka? Ambaton juna kuwa yanzu kwamfuta ke gano shi. A 2023 kamfanin Clarivate ya cire fannin lissafi gaba ɗaya daga jerin masanan da aka fi ambata saboda irin wannan haɗin baki. Kuma ka tuna, ƙananan matakan ƙarin girma a cikin gida ake gama su, amma idan ka zo neman farfesa takardunka waje za a aika wa waɗanda ba su san fuskarka ba. Na taɓa zama a irin wannan kujerar, aka kawo mini fayil mai takardu masu yawan gaske, da na buɗe biyar na ga takarda ɗaya ce aka sauya wa riga. Ban ji daɗin abin da na rubuta ba, don na san akwai iyali a bayan fayil ɗin, amma na rubuta.

Abin da ya fi wuya shi ne farfesanka, kuma a nan nake so ka yi taka-tsantsan. Mutumin nan ya yi maka alheri, kuma a ganinsa wannan tayin ma alheri ne, yana ganin yaronsa na nutsewa ya miƙo sanda. Kada ka ba shi amsa ta waya, kada ka ba shi a ofis gaban mutane, kada kuma ka yi masa wa'azi. Ka same shi a gida bayan isha'i, ka zauna a ƙasa kamar yadda ka saba, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ka ce masa: "Ranka ya daɗe, ba ni da bakin godiya. Sai dai ina jin nauyin sunana ya hau aikin da ban taɓa ba, kar wata rana a tambaye ni in ba ka kunya. Amma duk takardar da kuke buƙatar lissafinta, a ba ni in yi da hannuna, sai a sa sunana a wannan kaɗai." Ka ga ba ka ce a'a ba, ka ba shi abin da ya fi wanda ya nema. Kowane sashen tattalin arziki yana da yunwar mutumin da ya san abin da ke faruwa bayan an danna maɓalli. Masu nazarin noma, da lafiya, da ilimi, duk suna da alƙaluma ba su da mai auna musu. Takarda biyu ko uku na halal a shekara za su fito ta nan, ka yi aikin, sunanka ya hau da haƙƙinsa. Sharaɗi ɗaya: in sakamako ya fito ba alaƙa, haka za a rubuta. Ka faɗi wannan tun farko, kafin a saba.

Zai iya yin fushi. Zai iya yiwuwa ka ga an yi sanyi da kai a taron sashe na wani lokaci. Ka ci gaba da gaishe shi, ka je masa barka da Sallah, kada ka ba kowa labarin abin da ya gudana tsakaninku, ko abokinka mai takardu talatin. Shi ma ka daina ƙirga masa. Ba ka karanta talatin ɗin duka ba, wataƙila akwai uku masu kyau a ciki.

Gobe ka je ofishin rajistara ka karɓi kundin ƙa'idojin ƙarin girma, ka karanta da biro a hannu. Malamai da yawa suna shekaru suna ƙorafi ba su taɓa sanin takamaiman maki nawa ake nema ba, ko nawa ake ba wanda sunansa ya zo na farko, nawa ake ba na biyar. Ka lissafa gibinka. Daga nan ka nemi mujallun da ake tantancewa da gaske, cikinsu har da mujallar ƙididdiga ta Babban Bankin Najeriya, ka guji duk wadda ta aiko maka da imel tana alkawarin bugawa cikin kwana bakwai. Ka rubuta wa AERC, ƙungiyar binciken tattalin arzikin Afirka da ke Nairobi, neman tallafin bincike. Tun 1988 suke wannan aikin, kuma abin da ya fi kuɗinsu amfani shi ne za ka tsaya gaban masana su yayyaga aikinka tun yana ɗanye. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ma tana da tallafin bincike ta hannun jami'arku, ka tambayi mai kula da shi.

Ita kuwa takardar nan ta biyar, ka ba ta zuwa ƙarshen wannan zangon karatu. Shekara uku kana gyara, na fi zaton ba gyara take buƙata ba, tsoron masu tantancewa ne ya riƙe ka. Za su iya mayar maka da ita, su ma su Granger an mayar musu. Rahoton shafi uku daga wanda ya san fannin ya fi maka wata shekara ta zama kai kaɗai da ita.

Maiɗakinka tana da haƙƙin tambaya, ita ke auna abin da ya rage a buhu. Kada ka amsa mata da Nobel. Ka zauna da ita ka nuna mata takardar da ka lissafa: ga makin da ake nema, ga wanda nake da shi, ga takardu ukun da zan aika kafin damina, ga shekarar da zan sake nema. Ka kuma gaya mata abin da aka yi maka tayi da dalilin da ya sa ka ƙi. Kafin lokacin, ka shirya ajin koyar da manhajojin R da Stata ranar Asabar ga ɗaliban digiri na biyu da ma'aikatan ma'aikatun tsare-tsare, da sanin shugaban sashenku, a kan kuɗi mai sauƙi. Wannan zai taɓa haya.

In sakamakon gwajin nan na jeri arba'in ya fito, ka aiko mini da jadawalin. Ina da ɗalibai biyu da nake so su gani kafin su kare kundinsu.